Buhun Da Ya Ƙi Ƙarewa

Motocin yanzu ba su da murya. Ina zaune ƙofar gida kan tabarmata, sai dai in ga inuwa ta gifta, in ɗaga kai in tarar mota ce ta wuce, ba tari, ba atishawa, kamar mai satar hanya. A zamaninmu kowace mota a unguwa da irin kukanta, kuma kowace mace ta san na mijinta kamar yadda take gane kukan ɗanta cikin ƴaƴan maƙwabta. Tamu tun tana kwanar masu sayar da itace nake jin ta. Tana da wani gurnani mai taushi, in ta zo hawa ƴar tudun bayan masallaci sai ta ja numfashi, ta sake kamawa. Da na ji wannan jan numfashin sai in sauke tukunya in fara kwashe tuwo, kafin maigidan ya kashe inji akushinsa na kan tabarma. Ban taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, ban san baƙi ko ɗaya ba, wannan ma da kuke karantawa jikata ce ke rubutawa ina faɗa mata. Amma kunnena ya yi karatun da ya ishe ni, kuma ban ga wanda zan sunkuyar wa kai a kansa ba.

Daga wani ƙauye na ƙasar Maraɗi aka kawo ni Yamai, ina amarya, da tabarmata da jeren kwanonina da turmin da innata ta ce kada in bari a gari. Uban ƴaƴana direban taksi ne. Ya daɗe yana tuƙa manyan motocin mutane, yana kwana a hanya, yana tara abin da ya samu, har Allah ya ba shi tasa. Tsohuwa ce tun ranar da ya saye ta, ta ga duniya kafin ta zo hannunmu, amma a idona babu irinta daga bakin kogi har ƙarshen gudron, inda kwalta ta tsaya. Muna haya a gidan wani dattijo, Alhaji mutumin Damagaram mai fataucin fata, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, da wata rumfa gefen ƙofa inda motar ke kwana. Ɗakin da ke manne da nawa na Hamsatu ne, Bazabarma, wadda ta koya mini cinikin kifi da yaren da ban iya ba. Abin da za mu ci, abin da za mu sa, hayar ɗaki, ɗan abin da ake aika wa tsofaffi a ƙauye, duk daga ƙafafun motar nan huɗu suke fitowa. In ta kwanta, mun kwanta. Wannan ba sai an gaya wa kowa ba, har yaran sun san ba a jingina da ita da hannun miya.

Mutane yanzu in an ce kula da mota sai su ɗauka ranar da ta ƙi tashi ake nufi. Shi maigidan kullum cikin kula yake, kamar mai kiwo. Da safe bayan ya dawo masallaci, kafin ya kurɓi kunu, zai ɗaga murfin gaba, ya duba ruwa, ya zaro wannan siririn ƙarfen da ake auna mai da shi, ya goge a tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya kalla a hasken rana. Ya zagaya tayoyin yana danna kowace da ƙafa. Tsumman nan ni ke wanke shi, kuma ban taɓa haɗa shi da wankin yara ba. Ranar Juma'a da hantsi a wanke ta, a ciro matacin iska a kakkaɓe jar ƙasar da ya sha. In hadari ya fara haɗuwa gabas, lokacin duba birki ya yi, da robar share gilashi, da tayar da ta sulɓe. In zafi ya kusa, irin zafin Yamai da ke sa kare ya manta haushi, sai a wanke tukunyar ruwan inji a sauya igiyar fanka. Kowane abu da lokacinsa, ba a jira sai ya yi ƙara. Yakan ce mini mota ba ta iya magana da baki, wanda ya jira sai ta yi kuka ya riga ya makara.

Babba a cikinsu duka shi ne bidanji, wato a zubar da tsohon man inji a zuba sabo. Su masu motocin ofis suna da wani agogo gaban direba mai ƙidayar tafiya, shi ke gaya musu lokaci ya yi. Namu agogon ya mutu tun kafin motar ta zo hannunmu, allurarsa a kwance kamar ta yi rantsuwa. Maigidan ya gwada bin wata, ya ga wani watan aiki ya yi yawa, wani watan ya manta ko yaushe aka yi na baya. Wata rana yana zaune yana kallona ina kakkaɓe gindin buhun gero a faifai, sai ya ce, "Ke, wannan buhun yaushe aka buɗe shi?" Na ce ranar da ka yi bidanji, ai da hannunka baƙi ka kama mini shi muka shigar ɗaki, ga shaidar yatsunka nan. Ya tashi ya je ya zaro ƙarfen awo, ya murza man a yatsa, ya shinshina. Ya dawo yana murmushi. Ya ce, "To, mun sami agogo. Daga yau duk ranar da buhu ya ƙare, ranar mota za ta sha sabon mai. Ita ke kawo buhun, ba za a buɗe sabo ba sai ita ma ta ci nata." Kada ku yi dariya. Bakunan gidanmu sanannu ne, mudun da nake awo da shi guda ne, hannuna ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Buhu yakan kai mu wata guda da ɗan abin da ya ɗora, kuma daidai nan man taksin da ke yini cikin rana yake gajiya. Ni da na tashi gidan masu matsar man gyaɗa, na san mai yana tsufa, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba.

Ranar bidanji ranar gida ce. Ba a yi da sanyin inji, sai ya yi aikin safe ya dawo da azahar motar da ɗuminta, don man ya tsinke ya fito duka. Ya shimfiɗa buhun da ya ƙare a ƙasa, ya kwanta a kai ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kaɗai a waje. Ni kuma in durƙusa da tsohuwar tasa wadda na cire daga jerena don wannan aikin, in tura masa. "Miƙo kile," in miƙa masa ƙarfen kwancewa. Akwai wata ƙusa mai kauri a gindin inji, bushon suke ce mata, ita ce ƙofar man. Sai ka ji ya yi nishi, ƙarfe ya ce ƙis, sai man ya zubo cikin tasa da wani sauti kamar ana tatsar saniya. Ina durƙushe ina leƙe, shekara da shekaru, ba wanda ya ce in koya, ido ne kawai ba ya zama banza. Tsohon man ma ba a zubarwa. Alhaji na shafa wa ginshiƙan rumfa saboda gara, masu amalanke na zuwa roƙo. Da yamma in yi fura da sabon gero, mota ta ci, mu ma mu ci. Yanzu fa? Yaro ya kai mota garaji, ya zauna yana latsa waya, bai san ko mai aka zuba ba ko ruwan kogi. Matarsa kuwa ko launin motar aka tambaye ta sai ta yi tunani.

Muna da ƴaƴa uku aka aiko daga ƙauye cewa mahaifin maigidan ya kwanta, jiki ya yi nauyi. Shi ne babba, dole ya tafi, kuma ba a san ranar dawowa ba. Motar ba za a bar ta a ajiye ba, gida zai ci. Sai ya kira ƙanensa Sa'idu, wanda ke tuƙa motar wani ɗan kasuwa yana kwana a tasha, ya ce ya dawo gidan ya riƙe taksi. Bakin da ya tafi, wani baki ya maye, awon gero bai sauya ba. Ranar tafiya ya tsayar da mu biyu gaban rumfa. Ya ba Sa'idu makulli. Ya juyo gare ni ya ce, "Tuƙi nasa ne, buhu naki ne. Ranar da ya ƙare ki gaya masa. Amana na bar miki." Sa'idu ya ce, "Yaya, ka tafi hankali kwance. Matar ma zan riƙe maka ita da kyau, in ka daɗe ka tarar na ɗaura." Na ce, "Ka fara iya wanke wuyan rigarka tukuna, angon tasha." Haka muke da shi, wasan ƙanen miji, ba mai jin haushi.

Sa'idu ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka haka. Yaro ne mai jini a jika, hannunsa a sitiya kamar an haife shi da ita, fasinja na son sa don bakinsa. Daga kasuwar Petit Marché ya kwashi mata da kwandunansu, ya tsallaka gada ya sauke su unguwar Kirkissoye, ya dawo da masu kayan lambu, duk yana ba su dariya. Abin da ya samu kuwa yana kawowa, bai taɓa ɓoye mini ba. Aibinsa guda, bai yarda akwai gobe ba. Da safe in na miƙa masa tsumma sai ya ce, "Matar Yaya, jiya na duba." In ce jiya ma ka ci tuwo, yau fasa. Sai ya karɓa yana dariya, ya ɗaga murfi ya leƙa kamar mai leƙen rijiyar wani.

Ana haka Layya ta matso. Wanda bai ga Yamai a kwanakin nan ba bai san abin da ake kira aiki ba. Raguna a kowace kwana, kuka ta ko'ina, mutane na neman motar da za ta kai musu rago gida, da itacen gashi daga kasuwar Katako, da sandunan da ake gicciye naman a kai, da gawayi, da yaji, da ɗinkin yara daga wurin tela. Taksi ba ta tsayawa sai don direba ya yi salla. Daidai lokacin hannuna ya fara taɓa gindin buhu. Na ce masa, "Angona, buhu ya kusa. Ka shirya mai da mataci." Ya ajiye loma ya dube ni. "Yanzu? Cikin wannan kasuwar? Matar Yaya, yini guda na yanzu ya fi mako na bayan Salla. Ki bari a sauke ragunan nan." Na ce ba ni na sa doka ba. Ya ce, "To ai bai ƙare ba tukuna. Yaya cewa ya yi in ya ƙare." Na ce haka ne. Ya ci gaba da cin tuwonsa, yana wani murmushi da ban gane ba sai daga baya.

Buhu kuwa ya ƙi ƙarewa. Yau in auna in ce gobe sai kakkaɓa, gobe in zo in tarar da na kwana biyu. In auna, jibi in tarar kamar ban taɓa ba. Ɗakin ajiyar duhu gare shi, hannu nake sawa in ɗebo, ga hidimar Salla ta sha mini kai, ga goyo. Na gaya wa Hamsatu a bakin murhu, murya ƙasa-ƙasa. Ta dafa ƙirji ta ce, "Ƙawata, albarka ce ta sauka miki. Kada ki gaya wa kowa, kada ki leƙa ciki, in kin leƙa ta tashi." Ni ma zuciyata ta so haka. Wace mace ce ba ta son a ce buhunta ya ƙi ƙarewa? Har sadaka na ƙara ba masu bara. Amma kunnena bai yarda ba. Gurnanin motar nan mai taushi ya fara bushewa. In ta zo tudun bayan masallaci, maimakon jan numfashi sai in ji wani ƙas-ƙas a ciki, siriri, kamar ana tauna tsakuwa a tuwo. Buhu na cewa da saura, mota na cewa babu.

Wata safiya na jawo buhun zuwa hasken tsakar gida, na zazzage shi a faifai. Geronmu daga gida ake aiko mana in mun aika kuɗi, na gonar surukina, ƙananan ƙwaya, launin toka-toka, in ka tauna da ɗan zaƙi. Wanda ke cikin faifaina kuwa ja-ja ne, manyan ƙwaya, irin na ƙasar Zabarma da ake aunawa a Katako. Namu ɗan kaɗan ne a ƙasa, bai cika tafin hannu ba. Hamsatu ta leƙo ta ɗebi kaɗan ta murza. Ta ce, "Wannan ai geronmu ne." Na ce, "To albarkar taki Bazabarma ce, kuma da makullin mota take yawo." Muka dubi juna. Ta toshe baki da gyale tana dariya har da hawaye, ni kuwa dariyar ba ta zo mini ba. Na tsaya ina lissafi da ranakun kasuwa, na gane buhun gaskiya ya daɗe da ƙarewa, motar na ta aiki mafi tsanani na shekara da mataccen mai.

Da Sa'idu ya shigo shan kunu na ajiye faifan gabansa. Bai ko musa ba. Ya ce, "Laifi ne mutum ya ciyar da gidan wansa? Wasu ƙannen ɗiba suke, ni ƙarawa na yi." Na ce, "Sa'idu, yau ba wasa nake ba. Ka saurari injin nan." Ya ce, "Ke kika san inji ko ni? Jibi Salla. Ranar da aka gama rabon nama, da kaina zan yi mata bidanji, har wanka da sabulu." Ya ɗauki makulli ya fita. Na bi shi da kunne har ƙas-ƙas ɗin ya ɓace. A lokacin ba waya a hannun kowa, saƙo zuwa ƙauye sai an sami mai tafiya, kafin amsa ta dawo an cinye naman Layya. In na yi shiru inji ya ƙone, ba mu da abin sayen wani, sai dai mu naɗe tabarma mu koma ƙauye, maigidan ya koma kwana a hanya da motocin mutane, kuma in ya tambaye ni amanarsa ban san da wane ido zan dube shi ba. In kuma na ɓoye makulli, an ce mace ta raina ƙanen mijinta, kuma Sa'idu ya iya tayar da mota ba makulli, na taɓa gani. Ina daka ina tunani, har taɓarya ta gaya mini abin yi.

Da azahar ya dawo, ya ci, ya yi salla, ya miƙe a inuwar zaure don ya ɗan runtsa kamar yadda ya saba. Na ba Hamsatu goyona. Na juye geronsa a ƙwarya na ajiye gefe. Na ɗaura zane na tamke shi sosai, na ɗauko tasa da kile daga inda maigidan ke rataye shi, na shimfiɗa buhun a ƙasa, na yi bisimilla na shige. Ban taɓa sanin ƙarƙashin mota haka yake ba, zafi kamar bakin tanda, ƙarfe dab da hancina. Na gane bushon, na sa kile, na ja, ya ƙi. Na tuna wajen da gwiwar hannun maigidan ke karkata in yana nishi, na juya, na tokare ƙafa da taya na ja da duk ƙarfin da nake daka da shi. Ya ce ƙis. Abin da ban taɓa gani daga waje ba shi ne yadda yake janye hannu da sauri a juyin ƙarshe. Man ya zubo mini a hannu, daga wuyan hannu har kusa da gwiwa. Ban yi ihu ba, na cije haɓar zane, don in ya farka kafin man ya gama fita aikin banza na yi. Tabon na nan har yau, jikokina na wasa da shi. Da ya tsiyaye na fito, na ƙulle bushon a haɓar zanena. Sai wani tsoro ya kama ni wanda ya fi na farko, in ya fito cikin magagi ya tayar da ita ba mai, ni da hannuna na kashe ta. Na ɗauki buhun na shimfiɗa a kan gilashin gaba, na ajiye tasar a bakin ƙofar direba, na jawo kujerata na zauna gaban motar, hannuna cikin ƙwaryar ruwan sanyi.

Sa'idu ya fito yana gyara hula, da mutum biyu a bayansa da ragonsu, sun tashe shi a zaure suna neman mota. Ya ga buhu, ya ga tasa, ya gan ni. Na ce, "Angona, buhu ya ƙare." Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe a hankali. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Wa ya taɓa motar nan?" Na ce ni. "Ke? Kika shiga ƙarƙashin mota, matar aure, da rana tsaka, a gidan haya? Ba ni bushon." Na ce, "Ka kawo sabon mai da mataci, in ba ka." Ya ce zai mayar da wanda ke cikin tasa. Na ce bisimilla, in ka sami ƙofar da za ka toshe. Muryarsa ta hau, ya ce na kunyata shi gaban fasinja, ya ce zai aika wa Yaya, ya ce matan Maraɗi dama kansu da tauri. Mai rago ɗaya ya ce, "Malam, mu dai a gaya mana, za a tafi ko mu nemi wata?" Hamsatu daga ƙofarta ta ce, "Ku nemi wata, baba, wannan tana jego."

Hayaniyar ta fito da Alhaji mai gida, da carbinsa. Ya saurari Sa'idu har ya gama, bai tambaye ni komai ba. Ya sunkuya ya tsoma ɗan kara cikin tasa ya ɗaga. Man bai ɗiga ba, sai ya biyo karan kamar kwaɓin ƙullu, baƙi ƙirin, da wani ƙyalli-ƙyalli a ciki kamar an barbaɗa garin ƙarfe. Ya ce, "Ɗana, wannan ko ginshiƙina ba zan shafa wa ba." Sannan ya dubi hannuna cikin ƙwarya ya ce, "Ɗiyata, abin da kika yi ba aikin mata ba ne. Amma tunda namijin bai yi ba, ban san wa zan ba laifi ba. A nemo mata zuma a shafa." Sa'idu ya tsaya yana kallon ƙyallin nan. Shi direba ne, ya fi ni sanin abin da yake gani, ƙarfen inji ne ya fara cin kansa. Ya ɗauki bido, jarkar mai, ya fita da ƙafa, cikin ranar nan, har Katako. Da ya dawo na kwance haɓar zane na miƙa masa. Yana ƙarƙashin mota na ji ya ce, "Matar Yaya, miƙo kile." Na miƙa masa da hannun hagu. Kafin la'asar ta yi sanyi ya tayar da ita, kuma da ta kai tudun bayan masallaci na ji ta ja numfashinta na da. Geronsa kuwa shi na yi ta dama masa har ya ƙare, kullum in ajiye masa in ce ga albarkarka.

Bayan Salla da kwanaki surukina ya rasu, aka yi zaman makoki, maigidan ya dawo. Sa'idu ya riga ni, tun a tasha ya ba shi labari, kuma don Allah bai rage laifinsa ba. Maigidan ya shigo, aka yi gaisuwa, aka yi ta'aziyya, bai ce mini komai a kan mota ba. Shi ba mai yawan magana ba ne, yabo a bakinsa kuwa sai ka tona. Na ɗan ajiye man nan a kwalba, na kawo masa. Ya murza a yatsa, ya shinshina, ya daɗe yana kallo. Sai ya kama hannuna ya juya shi, ya dubi ƙunar. Ya ce, "A juyin ƙarshe ana janye hannu." Na ce ai ba ka taɓa faɗa ba. Ya tashi ya fita rumfa, ya ciro kilen daga ƙusarsa, ya shiga ɗakina, ya rataye shi a bango saman jeren kwanonina, inda duk macen da ta shigo za ta gani. Daga ranar duk mai son kile, ko shi ne, sai ya yi sallama a ƙofata. Na ga matan da aka saya wa zinariya, na taya su murna, ban taɓa jin ina son musanya ba.

Motar nan ta yi mana aiki har ƴaƴan da aka haifa bayan wannan suka yi wayo. Ita ta kai ɗiyata ta fari ɗakin mijinta a Kirkissoye, da kwanoninta a baya suna kaɗawa. Motocin da aka saya sababbi a unguwa sun mutu sun bar ta, kaji na ƙwai a cikinsu. Da Sa'idu ya sami tasa, amaryarsa ta zo gaishe ni, ta sunkuyar da kai ta ce wai mijinta ya ce ta tambaye ni wane irin mudu nake awo da shi. Duk sun tafi yanzu, maigidan, da Sa'idu, da Alhaji, Hamsatu ma bara waccan. Gidan an rushe an yi shaguna. Gero ma yanzu a leda ake sayowa, an riga an surfe, ba mai sanin ranar da wani abu ya ƙare.

Abin da ya tayar mini da wannan zancen, watannin baya jikata Nafisa, wannan mai rubutun, ta ɗauke ni a motarta za ta kai ni a duba mini ido. Mace da motarta, da kuɗin aikinta, na gode Allah da ya nuna mini. Ina zaune gaba sai na ga wata ƴar wuta tana ƙiftawa gabanta. Idona ya raunana amma wannan siffar ko a mafarki na san ta, ɗan kile ne, sak nawa. Na ce mene ne wannan? Ta ce, "Motar ce ke cewa lokacin bidanji ya yi. Su na yanzu da kansu suke faɗa." Na ce tun yaushe take faɗa? Ta ce, "Kai, tsohuwa, kin cika bincike. An ɗan kwana biyu. Aiki ya yi mini yawa, sai bayan Salla." Na ce ta tsaya gefen titi. Ta ɗauka amai zan yi, ta tsaya. Na buɗe ƙofa na sa ƙafa ɗaya a ƙasa, na ce idona ya daɗe yana jira, zai ƙara jira, mu fara zuwa garaji. Ta ce za mu rasa layin likita. Na naɗe hannun rigata na nuna mata tabon, na ce ta zaɓa, ko ta kai ta yau, ko gobe ta fito ta tarar da ni ƙarƙashin motarta, ƙafafuna a waje.

A garajin na ba ta labarin nan, muna zaune kan benci, man na tsiyaya. Shekaranjiya da safe ina kan tabarma wayar gidan ta yi ƙara, aka kawo mini. Ita ce. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Kaka, ki sa mayafi ina zuwa. Ɗan kile ya sake ƙiftawa, buhu ya ƙare."